Rasuwar Malika, Garmahon Gidan Mirsobit

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da koren shayi ya kasa kwantarwa, Mirsobit-ota Rihsiyev, wato Baba Mirsobit, na unguwar Sebzor a birnin Tashkent, tsohon direban jirgin ƙasan cikin gari, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ƙafarsa ta taɓa tayar da ƙura a tsakar gidansa, rasuwar Malika, rediyo mai garmaho, mai ƙafa huɗu da koren ido ɗaya. Ta rasu tana da shekara sittin da ɗoriya. Mai makoki ya ce a faɗa a fili, kada a sakaya: tsufa bai kashe ta ba, jinya ba ta kashe ta ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, kuma wanda ya kashe ta yana cin shinkafa a gidan nan duk ranar salla.

Marigayiya ta shigo gidan Rihsiyev a kan amalanken jaki, lokacin Mirsobit yana saurayi siriri mai tulin gashi a goshi. Mahaifiyarsa ta zagaya ta sau biyu, ta ƙwanƙwasa katakon, ta ce, "Wannan akwatin amarya ne ko na gawa?" Daga baya ita ce ta raɗa mata suna Malika, wato sarauniya, don ta ce duk gidan babu mai zama a yi masa hidima sai ita.

Waɗanda suka zauna da marigayiya sun shaide ta da nutsuwa. Ba ta taɓa magana da gaggawa ba. Idan aka murɗa ta sai ta yi shiru tukuna, kwalaben cikinta su yi ja, koren idon ya buɗe a hankali, ta yi gyaran murya, mmmm, sannan ta faɗi abin da ke ranta. Kwana shida na mako tana karanta labarin noman auduga da jawaban manya ba tare da ta yi tsaki ba. Amma ranar Lahadi da la'asar, idan an sa wa ƙofar gida sakata an yayyafa wa tsakar gida ruwa, sai ta yi abin da aka ƙera ta dominsa.

A wancan zamani ba a sayar da faifan rok-an-rol a kanti. Kiɗan abokan gaba ne, in ji hukuma, mai lalata tarbiyya. Amma Mirsobit yana da aboki, Ashot, Ba'armeniye mai gyaran agogo, wanda ya harhaɗa wata na'ura a ɗakin ajiyar kakarsa, mai kwafar waƙa daga faifai ɗaya ta tsaga ta a kan wani abu. Abin da za a tsaga a kai ne babu. Sai aka gano cewa tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti suna karɓar tsaga. A yanke hoton da almakashi ya zama da'ira, a huda tsakiyarsa da wutar sigari, shi ke nan ya zama faifai. Ka ɗaga shi sama ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah, ka ɗora shi a kan Malika ka ji ganga.

Neman irin waɗannan hotuna ne ya kai Mirsobit wani asibiti yana tarin ƙarya. Yarinyar da ke aiki a ɗakin ɗaukar hoton, Sayyora, ta saurari tarin nasa har ya gaji, sannan ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ƙirjinka lafiya lau," in ji ta. "Wandonka ne ba shi da lafiya. Da sabulu kake shiga cikinsa?"

Ya ga ƙarya ba za ta kai shi ko'ina ba, ya gaya mata gaskiya. Ta leƙa ƙofa, ta ce, "Akwai tuli da za a ƙona. Zan ba ka. Amma sai na zo na ji abin da kuke ɗora wa haƙarƙarin mutane."

Ta zo ranar Lahadi da kitso biyu har gadon baya da takalmin yayarta. Aka ɗora faifai. Malika ta ce tsss, tsss, kamar an zuba albasa a mai, sai ganga ta faɗo, jita ta biyo, wani mutum ya ƙwala ihu kamar an taka masa yatsa. Duk tsakar gidan babu wanda ya san abin da mutumin yake faɗa, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Mirsobit ya miƙa mata hannu. Ba ta taɓa ganin rawar ba, amma kafin faifan ya ƙare ta juya ƙarƙashin hannunsa, ta tafi, ta dawo, ya ɗaga ta ta kan ƙugunsa ya dire ta, kitsonta ya mare shi a ido. Mahaifiyarsa tana kan gadon katako ƙarƙashin inabi tana tsintar shinkafa, wai gadin ƙofa take. Ta ce, "Kai, za ka karya 'yar mutane!" Amma Ashot ya rantse ya ga ƙafar tsohuwar tana bin gangar a ƙarƙashin tire.

Marigayiya ta ga wahala a ƙuruciyarta, ta kuma jure. Akwai samari 'yan sa-kai na hukuma, masu jan ƙyalle a damtse, da ke sintiri da almakashi suna farautar masu matsattsen wando. Sun tare Mirsobit a bakin kasuwa, suka tsaga masa wando daga idon sawu har gwiwa, suka datse tulin gashin, mata masu sayar da gurasa suna kallo. A wurin aiki aka zana shi da wutsiyar biri aka manna a bango. Sau biyu suna buga ƙofar gidan ranar Lahadi. Duk sau biyun, kafin a zare sakata, Malika ta koma labarin auduga, samari da 'yan mata suna zaune suna haki, wai sauraro suke. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Da asibiti ya sa wa ɗakin ajiya kwaɗo, hotuna suka yanke, Sayyora ta tsaya da kanta a gaban na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ta sa ƙawarta ta danna. Ta kawo wa Mirsobit hoton a naɗe cikin jarida.

"Ga nawa," in ji ta. "Ka ce wa Ashot ya sa mini mai sauri. In ya sa mini mai kuka, zan karɓe abina."

Ashot ya sa mai sauri. Irin waɗannan faya-fayai ba sa daɗewa, allura na cinye su, don haka Mirsobit ya riƙa tattalin wannan, ba ya ɗora shi sai da babban dalili. Da kaka aka ɗaura musu aure.

Shekarar da ƙasa ta girgiza ta rushe rabin unguwa, Mirsobit ya fitar da matarsa, ya fitar da mahaifiyarsa, ya koma cikin ƙura ya goyo Malika kafin ya tuna da barguna. Mahaifiyarsa ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe. Amma da mutane suka yi makonni a cikin tanti a kan titi, kowa ya zuba tagumi, Ashot ya jawo waya daga turken lantarki, aka ajiye marigayiya a kan bulon da ya zube, ta buɗe ido. Ranar har masu jan ƙyalle sun tsaya daga nesa, babu wanda ya taɓa almakashi. Wani dattijo da gidansa ya zama tarin ƙasa ya cire hula ya shiga fili.

Haka ta zauna da su. Aka haifi 'yarsu Lobar, ta yi rarrafe a ƙarƙashinta, ta yi haƙori da gefen ƙafarta, tabon yana nan. Kaset ya zo ya wuce, wasu faya-fayai masu ƙyalli suka zo suka wuce, ƙasar da aka ƙera ta a cikinta ma ta watse, aka tuge layin jirgin da Mirsobit ya yi rayuwarsa yana tuƙawa aka malala kwalta a wurin. Malika tana kusurwarta. Ko da gwiwar Sayyora ta ƙi, takan dafa bayan kujera da hannu ɗaya ta ba shi ɗayan, su taka abin da ya sawwaƙa, tana cewa, "Tsoho, ka rage ƙafa, ba jirgi kake tuƙi ba." Bayan rasuwar Sayyora, shekara biyu ke nan, Mirsobit ya lulluɓe Malika da mayafin da matarsa ta yi wa ado da allura, bai sake murɗa ta ba. Yakan dai share mata ƙura, ya zauna kusa da ita.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

Mijin Lobar, Sanjar, mutum ne mai farin takalmi da dabara sabuwa duk wata. Bana ya buɗe gidan shan shayi a tsakiyar gari, wai irin na zamanin da, inda matasa za su zauna a cikin tsofaffin kaya su ɗauki hoto. Ya daɗe yana zagaya Malika yana shafa katakon, yana kiran surukin nasa Dadajon, wato Baba, yana cewa, "Dadajon, wannan ai zinariya ce kuke ɓoyewa." Mirsobit yakan ce masa ya cire hannu. Sai aka kwantar da tsohon a asibiti don a cire masa yanar ido. Ya dawo gida yana ganin duniya tar, yana ƙirga ganyen inabi don murna, ya shiga ɗaki. Abin da sabon idonsa ya fara gani shi ne kusurwa wayam, da sawun ƙafa huɗu a kan daɓe. Akwatin faifan ma babu.

"Aro ya yi, Dadajon," in ji Lobar, tana kallon ƙasa. "Na buɗe gidan ne kawai. Zai dawo da ita."

Ya sa hularsa, ya ɗauki sanda, ya hau mota.

Ya same ta a bakin ƙofar bayan gida na gidan shayin, an ɗora mata tukunyar fure a ka. Kiɗa na fita daga jikinta, siriri, ba nauyi, kamar sauro a kwalba. Inda koren idon yake an sa ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, ja da shuɗi. Ya zagaya bayanta ya janye allon. Babu komai a ciki. Babu kwalabe, babu wayoyi, babu injin da ke juya faifai. Wani ɗan abu kamar sabulun wanka ne a manne da gam, shi ke ta ƙara.

Sanjar ya taho da murmushi, hannu a ƙirji. "Dadajon! Ido ya warke? Ku zauna, a kawo shayi."

"Ina kayan cikinta?"

"Ai ƙura ce kawai da saƙar gizo-gizo. Ga nauyin tsiya, mutum huɗu suka ɗauko ta. Masu shara sun kwashe tun makon jiya. Ku saurara mana, yanzu ta fi da. Duk waƙoƙin nan naku suna cikin waya, tas, babu wannan tsss ɗin."

Mirsobit ya buɗe baki zai yi magana, sai wani haske mai launin toka ya ja idonsa sama. A kan kowane teburi akwai ƙwan lantarki a rataye, kuma kowane ƙwai an naɗe shi da faifai, an haɗa bakin da ƙusa. Haƙarƙari, tafin hannu, ƙoƙon kai, ƙugu, duk suna haske a kan mutane suna cin sambusa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon idonsa. A kan teburin da ke kusa da taga ya gan shi. Ba zai ɓace masa ba: ƙashin wuya na hagu a karkace yake, inda Sayyora ta karye tana yarinya da ta faɗo daga bishiya. Ƙarƙashinsa wani saurayi da budurwa sun haɗa kai suna ɗaukar kansu hoto.

Mutumin da ya haura tamanin, wanda likita ya ce kada ya ko sunkuya, ya taka kujera ya hau teburin da takalminsa. Butar shayi ta kife. Budurwar ta yi ƙara. Ya kama faifan, ya ƙona masa yatsu, bai saki ba har ƙusar ta fita. Zafin ƙwan ya riga ya gama da shi. Ya lanƙwashe, ya yi ƙuraje, tsagar da Ashot ya yi ta narke ta shafe.

"Dadajon, don Allah ku sauko, mutane na kallo," in ji Sanjar. "Zan biya. Akwai irinsu a kasuwar tsofaffin kaya, gobe ma zan..."

"Kai," in ji Mirsobit daga kan teburi. "Ka san wa ka rataye a nan?"

"Wasu marasa lafiya ne na da, wa ya san su?"

"Uwar matarka ce. Wadda ta dafa shinkafar bikinka. Ita ka gasa a kan mutane suna cin sambusa."

Gidan ya yi tsit, sai ɗan abin nan mai kama da sabulu da bai san an yi mutuwa ba. Wani ma'aikaci ya je ya kashe shi.

Mai makoki ya ce a rubuta wannan yadda ya faɗe shi, kada a tausasa. Masu jan ƙyalle sun yaga masa wando, sun aske shi a kasuwa, amma sun san abin da suke yaƙa. Tsoron kiɗan suke, don sun ga abin da yake yi wa ƙafar mutum. Har yau bai yafe musu ba, amma ko ba komai sun ɗauki Malika da muhimmanci. Shi kuwa wannan mai farin takalmi ya ce yana ƙaunar zamanin da, ya farke cikin zamanin, ya zubar a shara, ya ɗora masa fure. Yana cewa komai na cikin waya. To a nuna masa inda wayar take ɗumama ɗaki. A nuna masa wanda aka taɓa aske wa kai saboda ita. Yaran yanzu kowa ya toshe kunnensa yana gyaɗa kai shi kaɗai kamar mai zazzaɓi, babu wanda ke riƙe hannun wani, babu wanda ke tsoron kada ya saki 'yar mutane ta faɗi.

An dawo da gawar gida a bayan mota da yamma. Lobar ta tsaya a ƙofar ɗaki, idonta ya kumbura. Faifan yana kan cinyar mahaifinta.

"Ban san yana cikinsu ba," in ji ta. "Wallahi ban sani ba. Ba ku taɓa gaya mini ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Yaushe zan tambaya? Tun da Mama ta tafi kun rufe ta da mayafi, kun rufe bakinku. In na zo sai in same ku biyu a ɗaki, babu mai magana. Na ce gara ta je inda za a ji ta, ko ku ma ku tashi ku bi ta, ku ga mutane."

"To ga shi na tashi," in ji shi. "Har teburi na hau."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, sai ta koma kuka. Ta durƙusa ta ɗora yatsa a kan karkataccen ƙashin, ta daɗe a haka. Bai janye faifan ba, bai kuma dafa ta ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, bai faɗa mata ba, shi ne akwai gaskiya a maganarta, kuma ba ya son gaskiya daga bakin wadda ta buɗe ƙofa. Da za ta tafi ta ce, "Ku koya mini yadda Mama take juyawa." Ya ce ba a koyon rawa da gawa a gida, ta bari sai an binne.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Mirsobit-ota, da aminin gidan, Ashot, wanda kunnensa ya mutu tun tuni, sai da aka rubuta masa labarin da alli a kan teburi, ya karanta, ya zagi Sanjar da harshe uku. Ta bar allura biyu a cikin kwalin ashana, waɗanda suka tsira don suna aljihun rigar sanyi. Ta bar tsofaffi 'yan kaɗan a Sebzor da kewaye masu ciwon gwiwa, waɗanda idan ƙofar mota ta buga sau biyu a jere har yanzu kafaɗarsu kan motsa. Sauran faya-fayan, an sauke su duka daga kan fitilu, babu mai sauran murya a cikinsu. Allah ya jiƙan masu ƙasusuwan, ko su wane ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a tsakar gidan Rihsiyev, gindin bishiyar da ke kusa da famfo. An tuntuɓi limamin unguwa, ya ce ba a yi wa katako salla. Mirsobit-ota ya ce ya san addininsa, shi ma bai nema ba, amma liman ya zo ya ci shinkafa, kuma ya ce zai zo. Ashot ne zai riƙe gaban makara, duk da ciwon bayansa. Faya-fayan za su bi ta a cikinta, ban da guda ɗaya, wanda Lobar ta roƙa aka ce za a duba. Ba a son fure. Duk wanda ya zo da waya ya kashe ta a bakin ƙofa ya jefa a kwandon da za a ajiye, wanda kuma aka kama yana ɗaukar hoto za a fitar da shi ko jikan wa ne. Zuwa jana'iza ba ya nufin an yafe wa kowa.

Game da kabari, masu makoki sun gode wa maƙwabtan da suka yi tayin kawo ma'aikata, amma an riga an ba da aikin. Sanjar ne ke haƙawa, shi kaɗai, da tsohuwar fartanyar gidan, wadda ƙotarta ke da tsaga. Ya zo da kansa ya karɓa, babu wanda ya aika masa. Ƙasar wurin tauri gare ta, ga saiwa, tafin hannunsa duk ya yi ruwa ya fashe. An yarda matarsa ta miƙa masa ruwan sha. Mirsobit-ota yana zaune a bakin ramin da butar shayinsa yana duba aiki. Zuwa lokacin da ake fitar da wannan sanarwa ramin ya kai wa mai haƙa ƙugu. Ya ɗago kai yana haki, ya ce, "Dadajon, ai ya isa haka?"

Tsohon ya leƙa da sabon idonsa, ya kurɓi shayi.

"Ƙara," in ji shi.